Mai Sharar Yashi

Kafin rana ta leƙo ta bayan gada
ni nake fara taka wurin,
manjagara a kafaɗa, buhu a hannu,
ina goge sawun mutanen jiya
don na yau su ce su suka fara zuwa.

A Tawa aka yanke mini cibi.
Can yashi ba shi da ubangida,
yana shiga tuwo, yana shiga ido,
yana cin gona kamu-kamu ba sallama.
Nan Yamai dala ɗari ake biya a ƙofa
don a tuɓe takalmi a taka shi.
Ran da na faɗa wa Inna a waya
ta yi dariya har tari ya sarƙe ta,
ta ce, "Illa, tambayo mini,
nawa suke sayen buhu?"

Rumfar kaba goma sha bakwai gare mu,
ta tara tana yoyon rana,
ita masoya ke so, don tana nesa da ido.
Ga lilo mai kukan ƙarfe,
ga raga da samari ke dukan ƙwallo bisanta
suna ihu kamar an ba su gari.
Ga famfo uku na ɗauraye ƙafa,
ga ɗan dandamali da tabarmi da buta,
in an kira la'asar kiɗa ya yi shiru.

Gambi na kwaɗa zogale da ƙuli,
hannunta ba ya kuskuren gishiri.
Hayaƙin giwan ruwa na tashi daga waya,
yaji na sa manyan ma'aikata hawaye,
su kora da zoɓo mai ƙanƙara
su ce wa mai gashi, "Ƙara rabi."

Hamani kuwa, da kwalekwalensa shuɗi,
jaka guda ya kai ka tsibiri ya maido.
Yakan nuna wani baƙin abu can nesa
ya ce dorina ce.
Wata rana dorinar ce,
wata rana dutse,
hoto dai duk an ɗauka.

Igiya da jarkoki masu yawo
su ne iyakar wanka.
Ƙetare su, usur ya tsaga kunnenka.
Ni ban taɓa jin an busa mini ba:
shekara bakwai ina gadin bakin Kwara,
ruwa bai san gwiwata ba.

Da magariba jemagu su cika sama,
fitilun da suka sha rana su fara amayar da ita,
uwaye na ƙirga kawuna,
yara na roƙon lilo ɗaya na ƙarshe,
ɗaya kuma bayan na ƙarshen.

Abin da suka bari ni ke gado:
silifa marar ɗan'uwa,
ɗan kunne, murfin kwalba dubu,
makullin da wani ya kwana waje saboda shi,
haƙorin yaro a ƙulle cikin leda.

In ruwa ya cika, kogi kan zo karɓar haya.
Ba ya sayen tikiti.
Ya zauna a rumfa ta ɗaya har ta tara,
ya hau lilo, ya leƙa ɗakin canza kaya,
in ya gaji ya koma,
ya bar mini laka in yi ta fama.

Yau da asuba, kusa da igiya,
na tarar wani yaro ya gina gari.
Ɗakuna huɗu, rumbu mai ƙaton ciki,
danga ta tsinken tsire,
da rijiya, ya haƙa da yatsa
har ruwa ya tsattsafo a gindinta.
Namu sai an yi gaba talatin.

Na daɗe a tsaye.
Sai na ja manjagara ta gefe,
na share dama, na share hagu,
na bar masa hanya siririya
wadda ta nufi arewa.